Tun Yana Cikin Ƙwai Kifi Ke Yin Kai

Ɗana, matso kusa, ke ma ƴar'uwata ajiye wayar nan ki zauna, domin rana ta faɗa bayan tudun ƙasar ma'adinai, iskar yamma ta fara sanyi, kuma shayin farko bai dahu ba tukuna. Ɗazu ina kallon ku kuna ture wa juna kan tarwaɗar da aka saka a miya, kowa na cewa ƙashi ne kawai, ɗan'uwansa ya ɗauka. Ni na ɗauka, na tsotse shi tas, ga ƙasusuwan nan na jera a gefen kwano. Zancensa nake so mu yi, in za ku ara mini kunnuwanku kafin a kira sallar isha.

Na san abin zai yi muku banbaraƙwai, a ce tsohon da ya ƙare ƙarfinsa a garin da babu gulbi babu tafki ya zauna yana hirar kifi. Mu nan Akokan kifinmu a mota yake zuwa, wani daga Tabalak da ke kan hanyar Tawa, wani kuma banda ce daga can kudu, an tanƙwara ta an soke da tsinke tun tana ɗanya, domin in ta bushe sai dai ta karye. Amma kada ku raina ƙasar nan. A Gobero, cikin Tenere, inda Paul Sereno na Jami'ar Chicago da abokan aikinsa suka gano wata tsohuwar maƙabarta a shekarar 2000, an tono ƙasusuwan giwan ruwa da masun kamun kifi na ƙashi, shaidar cewa shekaru kusan 10,000 da suka wuce masunta ne ke zaune inda yau sai rairayi. Saboda haka kifi ba baƙo ba ne a ƙasar Agadas, ruwan ne ya tafi ya bar mu.

Wata shekara da na je hutu kudu, na sauka gidan wani abokina da ya ajiye aiki ya koma kiwon tarwaɗa. Da yamma ya yi wa macen allura, da safe ya matse cikinta a hankali ƙwai ya zubo cikin roba, kore-kore, kowane bai wuce ƙwayar gero ba, ya gauraya shi da ruwan namiji ya shimfiɗa a kan raga cikin ruwa mai gudana. Kashegari war haka sun ƙyanƙyashe, suna wutsil-wutsil kamar guntayen zare, kowane da ƴar jakar gwaiduwa a ƙarƙashin cikinsa. Ranar uku ya miƙo mini madubin ƙara girma ya ce in duba. Na ga ido baƙi ƙirin, na ga baki ya fara buɗewa, har gashin baki ya fara tsirowa, a jikin abin da shekaranjiya ɗigo ne kurum. Sai dai a kusurwar kwamin akwai waɗansu da ba sa iyo sosai, wani bakinsa a karkace, wani kansa ya kumbura. Na ce, "Malam, waɗannan fa?" Ya girgiza kai ya ce, "Ai ba za su kai labari ba, Alhaji, tun a ƙwai aka gama da su. Wani lokaci daga iyaye ne, wani lokaci kuma daga ruwa." Mutumin nan bai taɓa shiga jami'a ba, amma abin da na karanta bayan haka duka sharhi ne a kan waɗannan kalmomi biyu nasa, iyaye da ruwa.

Allah ne Mai halitta, ɗana, babu shakka a wannan, amma Ya sanya wa kowane abu sababi, kuma bin diddigin sababi ƙarin imani yake jawo wa mai hankali. Jikin kowane mai rai an gina shi da ƙananan ƙwayoyi, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali, kuma a cikin kowace ƙwayar jiki akwai wani dogon zare mai ɗauke da rubutun gado, wanda kuka sani da ADN a lakwal. Kowace gaɓa ta rubutun nan da ke ba da umarni guda, ita ake kira ƙwayar gado. Tambayar da ta daɗe tana cin masana rai ita ce, ta yaya ɗigo guda yake sanin inda zai sa ido, inda zai sa muƙamuƙi, ya kuma daidaita dama da hagu? Cikin mace duhu ne, ba a leƙawa, saboda haka sai aka nemi halittar da za a iya kallo tana ginuwa.

Wanda ya samo ta shi ne George Streisinger, haifaffen Hangari da ya girma a Amurka, yana aiki a Jami'ar Oregon. Ya zaɓi wani ɗan kifi na kogunan Indiya da Bangaladesh, tsawonsa bai kai ƙaramin yatsa ba, jikinsa da zane irin na jakin dawa. Ƙwansa garau yake kamar gilashi, a waje yake girma, kuma cikin sauri, domin a ruwa mai ɗumin digiri 28 zuciya kan fara bugawa bayan kwana ɗaya, a ƙyanƙyashe a rana ta biyu ko ta uku, zuwa rana ta biyar ɗan kifin ya fara farautar abincinsa. Streisinger ya shafe kusan shekara 10 yana fama da kwamin kifinsa, ba shi da wani sakamako da zai nuna wa jama'a, sai a 1981 aikin ya fito aka yarda da shi, a 1984 kuma ya rasu, bai ga yadda kifin nasa ya cika ɗakunan bincike na duniya ba. A 2013 da aka kammala karanta rubutun gadon wannan kifi, an tarar cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwara a jikinsa. Mai haƙuri yakan dafa dutse, ko da wani ne zai sha romon.

To, ga abin da aka gani, kuma shi ne ya fi taɓa mini zuciya. Yawancin ƙasusuwan fuskar kifi, da tamu ma, ƙwayoyin da suka gina su baƙi ne a wurin, tasowa suka yi daga wani waje. A cikin kwanan farko, lokacin da ƙwaƙwalwa da laka suke haɗuwa, waɗansu ƙwayoyi kan ɓalle daga doron wurin su kama hanya, su gangaro gefen kai ayari-ayari, ayari uku a kowane ɓangare, kamar azalai ta nufi Bilma. Inda suka sauka sai su cika waɗansu baka-baka guda bakwai da ke jere a ƙarƙashin kai. Ta farko ta zama muƙamuƙin sama da na ƙasa, ta biyu ta zama abin da ke tallafe muƙamuƙi da maƙogwaro, sauran biyar ɗin kuma na wurin numfashi ne, jajayen tsagun nan da ke gefen kan kifi. Da farko guringuntsi suke yi, daga baya ƙashi ya biyo. Duba wannan ɗan ƙashin da ke hannuna, ƴar'uwata. Waɗanda suka gina shi ƴan ci-rani ne.

Duk lokacin da na tuna haka sai garin nan namu ya faɗo mini a rai. Kafin a kafa kamfanin COMINAK a 1974, a fara fitar da uraniyom a 1978, me ke nan in ba fili da iska ba? Mutane suka taso daga Maraɗi da Tawa da Damagaram da Doso da Yamai, suka tarar da Buzayen Abzin, kowa da harshensa da guzurinsa, waɗansu suka shiga rami mai zurfin mita 250, waɗansu suka buɗe tebur a kasuwa, waɗansu suka yi lambu, a haka Akokan ta yi fuska. Saboda haka in ka ji wani yana gorin asali a garin nan, ka yi murmushi ka wuce, domin fuskar da yake murtuke maka ita kanta baƙi ne suka gina ta.

Ke kuma ƴar'uwata, ki riƙe sunan Julia Platt. Ba'amurkiya ce, a 1893 ta duba ƴan tayin wata dabbar ruwa ƴar'uwar kwaɗo, ta ce guringuntsin kai daga waɗannan matafiyan ƙwayoyi yake fitowa. Manyan masana na zamanin suka ce sam, hakan ya saɓa wa abin da ke cikin littattafai. Ta sami digirin digirgir a Jamus a 1898, amma ba ta sami kujerar koyarwa da ta nema ba, sai ta koma wani gari na bakin teku a Kalifoniya mai suna Pacific Grove, inda a 1931 aka zaɓe ta magajiyar gari. Shekaru da dama bayan maganarta aka sake gwadawa aka ga ita ce mai gaskiya. In kin duba abu da idonki kin tabbatar, ki faɗe shi cikin ladabi, ki bar wa lokaci sauran aikin, domin ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Isowa masauki kaɗai ba ta wadatar ba, sai baƙo ya saurari masu gida. Ƙwayoyin da suka sauka a baka ta farko duka iri ɗaya ne, abin da ke raba su shi ne saƙon da suka ji daga maƙwabta. Akwai wani sinadari da ake kira endotelin, daga ƙasan bakar yake fitowa, waɗanda suka ji shi da ƙarfi su ne ke zama muƙamuƙin ƙasa, waɗanda ke nesa da shi su zama na sama. An sami ɗan kifin da ƙwayar gadon wannan saƙo ta lalace a jikinsa, ƙwayoyin sun yi tafiyarsu lafiya, sun iso inda ya kamata, amma babu wanda ya ce musu komai, sai muƙamuƙin ƙasa ya tsuke, baki ya tsaya a hangame ba ya rufuwa. Akwai kuma wani rukuni na ƙwayoyin gado da ake kira Hox, waɗanda ke gaya wa kowace baka lambarta a layi. In aka kashe waɗanda ke aiki a baka ta biyu, sai ta manta ko ita wace ce, ta shiga kwaikwayon ta farko, a wayi gari da ƙasusuwan muƙamuƙi a inda ba a bukatar su. Ashe ko a cikin ƙwai, wanda ya bar aikinsa ya kama na wani ɓarna yake yi. Kuma kada ku ce wannan na kifi ne kaɗai, domin ƴan ƙasusuwa ukun nan da ke cikin kunnenku, waɗanda kuke jin maganata da su yanzu, biyu daga baka ta farko suka fito, ɗaya daga ta biyu. Wani Bajamushe, Karl Reichert, ya nuna haka tun 1837.

Yadda aka gano waɗannan ƙwayoyin gado ma akwai darasi a ciki. Christiane Nüsslein-Volhard a birnin Tübingen na Jamus, wadda ta sami kyautar Nobel a 1995 saboda aikinta a kan ƙudan ƴaƴan itace, da Wolfgang Driever a Boston, sun sa wa mazan kifi wani sinadari mai jawo tuntuɓen alƙalami a rubutun gado, suka yi ta haɗa zuriya da zuriya, matasan masu bincike suna zaune suna duba ƴaƴan kifi ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru. A watan Disamba na 1996 aka buga sakamakon, maƙala 37 a fitowa guda ta wata mujallar kimiyya, da bayanin nau'o'in naƙasa fiye da 1,500. Abin lura shi ne, yawancin waɗannan naƙasu ɓoyayyu ne. Uwa lafiya lau, uba lafiya lau, domin kowannensu yana da kwafi biyu na ƙwayar gadon, mai kyau ta rufa wa marar kyau asiri. Amma in su biyun suna ɗauke da kuskure iri ɗaya, to kimanin ɗaya cikin huɗu na ƴaƴansu zai gaji marar kyau daga ɓangarorin biyu, abin ya bayyana. Wannan lissafi shi ne dai na ciwon sikila da ke wahalar da gidaje da yawa a ƙasar Hausa. Ban ce auren zumunci laifi ba ne, ni kaina ɗan auren zumunci ne, amma ɗana, ranar da ka ga wadda kake so, ku je a gwada jininku tun kafin a kai goro, domin kunyar yini ɗaya ta fi kukan shekara ashirin sauƙi.

Wannan ɓangaren iyaye ke nan. Saura ruwa. A farkon ginin kai, wurin da zai zama idanu fili ɗaya ne a tsakiya, sai wani saƙo ya taso daga ƙasansa ya raba shi biyu, ya tura ɗaya dama ɗaya hagu. Masu bincike na Oregon sun haska wa kifi tururin gama, wato irin haskawar da ke fita daga ma'adinai masu tururi, cikin zuriyar suka sami ɗan kifi mai ido ɗaya a tsakiyar goshi, suka bayyana shi a 1991. Wannan kuskuren rubutu ne. Amma tun 1907 wani masani, Charles Stockard, ya ɗauki lafiyayyen ƙwan kifin teku, ya ƙara wa ruwansa gishirin maganiziyom, ya sami ƴaƴa masu ido ɗaya, alhali iyayensu ba su da aibu ko kaɗan. Haka kuma a jihar Idaho ta Amurka, a shekarun 1950, makiyaya suka riƙa samun ƴan raguna masu ido ɗaya, aka yi ta bincike har aka gano wata ciyawar kan dutse ce, wadda in tunkiya ta ci ta a rana ta 14 da ɗaukar ciki, takan toshe wancan saƙo mai raba idanu. In ta ci ta bayan lokacin ya wuce, idanu sun riga sun rabu. Kun ga ke nan, gado mai kyau yana iya lalacewa a mugun ruwa, kuma kowane aiki na cikin ƙwai yana da sa'arsa, in ta wuce ba ta dawowa.

Mu mutanen Akokan ba sai an yi mana dogon bayani a kan tururi da ruwa ba. A 2008 masu bincike na cibiyar IRSN ta Faransa sun reni ƙwan ɗan kifin nan na Streisinger a ruwan da aka sa wa uraniyom, suka ga ƙyanƙyasa tana jinkiri, girma yana raguwa, gwargwadon yawan abin da ke cikin ruwan. Ku lura da kalmar nan, gwargwado. Ƙungiyar Aghirin'man ta Arlit ta daɗe tana jan hankalin jama'a a kan ruwan sha da ƙura da tsofaffin ƙarafan ma'adinai, har ta gayyato masana na CRIIRAD daga Faransa suka zo da na'urorin awo a 2003. An rufe ramin COMINAK na Akuta ranar 31 ga Maris 2021, amma tulin dusar ma'adinai yana nan, kuma zai daɗe bayanmu. Abin da nake roƙonku shi ne kada ku zama masu sakaci, kada kuma ku zama masu yaɗa jita-jita. Ƙarfen da ba ku san asalinsa ba kada ku yi tukunya ko randa da shi. Sa'an nan ku yi karatu, domin garin nan yana bukatar ƴaƴansa da suka iya riƙe na'ura su auna da kansu, su karanta lambar, su faɗi abin da ta ce ba ƙari ba ragi. Ga jami'a a Agadas, ga ta Abdou Moumouni a Yamai. Gani ya kori ji.

Ƴar'uwata, wannan taki ce, ko da yake mijin da za ki aura ya fi ki bukatar jin ta. Fuskar jariri takan fara haɗuwa ne tun daga mako na huɗu da shigar ciki, leɓen sama ya haɗe wajen mako na shida zuwa na bakwai, ganɗa ta rufe kafin wata uku ya cika, wato a lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba. Saboda haka ki nisanci maganin da ake tallarsa a tire cikin rana, ki nisanci hayaƙin taba, ki je awo da wuri, ki sha abin da likita ya ba ki. In kuma Allah Ya kawo jariri mai tsagaggen leɓe, a gidanku ko a maƙwabta, kada ki bari a ce uwar ce ta yi wani laifi, ko an yi mata baki, ko ta gamu da iska. A duniya kimanin jariri 1 cikin 700 ake haifa da haka, ɓangarori biyu ne na fuska suka taho ba su kai ga haɗuwa ba, sau da yawa gado da yanayi ne suka taru, kuma likitoci suna ɗinke shi yaro ya girma ya yi karatu ya yi aure. Abin da uwar take bukata a ranar shi ne wanda zai zauna kusa da ita, ya kuma raka ta gidan likita.

Shayi na uku ya sauka, bari in ƙarasa. Ɗana, na ji kana zancen barin makaranta ka bi abokanka Jado ko Cibarakaten neman zinariya, tunda kamfani ya rufe, gari ya yi sanyi. Ban ga laifinka ba, ni ma na taɓa zama saurayi, kuma na san yadda aljihu wayam yake hana barci. Amma ka tuna da ƴar jakar gwaiduwar nan da na gani a cikin ƴaƴan tarwaɗa. Guzuri ne da uwa ta ɗaura wa ɗanta, na ƴan kwanaki kaɗan, kuma a cikin kwanakin nan ɗan kifi ba ya neman abinci, aikinsa guda ne, ya gina kai, ya gina ido, ya gina baki. Waɗancan masu naƙasar muƙamuƙi, muddin gwaiduwa tana nan, suna rayuwa tare da ƴan'uwansu, zuciyarsu tana bugawa, sai ka ce babu wani bambanci. Ranar da ta ƙare ake gane wanda ya gama gininsa.

Tuwon da kake ci a gidan nan, da kuɗin takarda da uwarka ke ƙullewa a bakin zane, su ne gwaiduwarka, kuma ka ga yadda gashina ya yi fari, ba za ta dawwama ba. Zinariya tana nan cikin ƙasa, ba ta ruɓewa, amma shekarun da kai yake ɗaukar karatu ƙidayayyu ne. Ka gama gina kanka tukuna, sa'an nan ka tafi duk inda kake so da albarkata. Ga ladan can ya fara kira, ku kwashe kwanukan nan, ku tashi mu yi alwala. Allah Ya yi muku albarka.